Igwa Mai Taya a Hamadar Masar: Nazarin Abin da Ya Faru Tsakanin Gazala da Alamein, 1942

A watan Yuni na 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Janar Erwin Rommel na Jamus ya tarwatsa Runduna ta Takwas ta Birtaniya a Gazala da ke gabashin Libiya, ya karɓe tashar ruwan Tubruk da fursunoni kimanin 33,000, ya bi sauran da gudu har cikin Masar. Wata biyar bai cika ba, wannan rundunar dai ta karya shi a Alamein, kimanin kilomita 100 yamma da Iskandariyya, kuma bai sake dawowa Masar ba. Yawanci idan ana ba da labarin, kan tankoki ake tsayawa, ko kan zuwan Janar Bernard Montgomery. Duka biyun suna da nasu rabon. Amma wanda ya bi sawun igwa a waɗannan watanni zai tarar da wani abin mamaki: bindigar da ta kasa kare Gazala ita ce ta buɗe Alamein. Ƙirarta ba ta sauya ba, motar da ke janta ba ta sauya ba. Abin da ya sauya shi ne fahimtar da kwamandoji suka yi wa amfanin saurin tafiyarta.

Fili da kayan faɗa

Hamadar da ke tsakanin Bingazi da Iskandariyya ba ta da kogi, ba ta da daji, ba ta da garuruwan da za a fake. Titi mai kwalta guda ne, yana bin gaɓar Bahar Rum. A Turai, har ƙarshen yaƙin, dawakai ne ke jan yawancin igwoyin Jamus. A nan kuwa babu ruwan da za a shayar da doki, don haka duk igwar da ba ta da motar ja ta zama ganimar wanda ya fara isowa.

Ƙashin bayan atilaren Birtaniya ita ce igwar da ake kira mai laba 25, saboda nauyin harsashinta, wajen kilo 11. Faɗin bakinta milimita 87.6, tana jifa har kilomita 12 da 'yan kai, mutum shida ke aiki a kanta. Wata guntuwar mota mai jan ƙafa huɗu ce ke janta, tsakaninsu da ƙaramar tirela mai ɗaukar harsashi 32. A ƙarƙashin cikinta ana rataye wani faifan ƙarfe mai da'ira. Da an tsaya sai a sako shi ƙasa, a jawo tayoyin su hau kansa, mutum ɗaya ko biyu su kama wutsiyar igwar su juya ta duk inda ake so, gabas ko yamma, ba tare da an sake haƙa mata wurin zama ba. A filin da abokin gaba zai iya ɓullowa ta bayanka, wannan faifai ya ceci rayuka da yawa. Igwa 24 ke cikin rejimenti guda, kuma dibishan ɗin sojan ƙafa, wato runduna mai birged uku, tana da 72.

Jamusawa kuma suna da igwar milimita 88, wadda asali don harbo jiragen sama aka ƙera ta. Wata babbar mota mai taya a gaba da sarƙa a baya ke janta, kuma idan abu ya ƙure ana iya harba ta tana bisa tayoyinta. A mashigin Halfaya, ranar 15 ga Yuni 1941, an binne kaɗan daga cikinsu a ramuka har baki, suka ƙone kusan duk tankokin Matilda na Birtaniya da suka tunkaro su, alhali a lokacin ana ganin sulken Matilda ba ya hudawa. Dabarar Jamusawa ita ce tanka da igwa su yi tafiya tare. Tankoki su taɓa abokin gaba su ja da baya kamar sun tsorata, a biyo su, sai mai bin ya tsinci kansa a gaban layin igwoyi da aka girke cikin 'yan mintuna. An yi wa tankokin Birtaniya haka sau da yawa kafin darasin ya zauna.

Yadda sauri ya zama tarko

A ƙarshen 1940, lokacin da 'yan Birtaniya ba su da yawa a Masar kuma Italiyawa sun fi su ninkin-ba-ninkin, wani hafsan atilare, Laftanar Kanar John Campbell, wanda aka fi sani da Jock, ya fito da wata dabara. A ɗauki igwa huɗu ko takwas, a haɗa su da kamfanin soja ɗaya a motoci, da 'yan motocin sulke, su kutsa hamada su far wa ayarin abokan gaba, su ɓace kafin a farga. Ayarin ya ɗauki sunansa. A kan Italiyawa ya yi aiki sosai. A Beda Fomm ma, cikin Fabrairu 1941, wata ƙaramar runduna ta kimanin mutum 2,000 da 'yan igwoyinta ta yanke hamada ta tare titin da Runduna ta Goma ta Italiya ke gudu a kai, ta riƙe shi har tankoki suka iso. Campbell kansa jarumi ne na gaske, ya sami Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma ta Birtaniya, a Sidi Rezegh cikin Nuwamba 1941, ya rasu a haɗarin mota a Fabrairu 1942.

Matsalar ita ce an mayar da dabarar mai rauni ta zama tsarin babbar runduna. Da yake igwar tana da saurin tashi, kowane kwamandan birged ya so a ba shi tasa, ya tafi da ita inda ya ga dama. Akwai kuma dalili na biyu wanda ba na son rai ba ne. Bindigar kakkaɓe tanka da Birtaniya ke da ita a lokacin, mai laba 2, ta yi ƙanƙanta ga sabbin tankokin Jamus. Dole aka riƙa jawo mai laba 25 zuwa sahun gaba tana harbin tanka ido da ido, aikin da ba nata ba ne. Igwar da ke tsaye tana gadin bataliya guda ba ta cikin lissafin ruwan wutar da za a yi a wani wuri. A haka igwa 72 na dibishan suka zama tara nan, takwas can, babu mai iko da su duka. Sili ɗaya ba ya shara, ga kuma tsintsiyar an kwance ta da gangan.

Gazala

Layin Gazala ya kai kusan kilomita 80 daga teku zuwa Bir Hakeim. Janar Neil Ritchie, kwamandan Runduna ta Takwas, ya jera birged-birged cikin sansanoni da aka kewaye da nakiyoyi da waya mai ƙaya, kowane da igwoyinsa. A kan taswira abin ya yi kyau. A ƙasa kuwa, tazarar da ke tsakanin wasu sansanonin ta wuce inda harsashi ke kaiwa. Tsakanin Birged ta 150 da sojojin Faransa masu 'yanci da ke Bir Hakeim akwai sama da kilomita 15, ke nan ko ana yanka ɗaya, ɗayan sai dai ya ji ƙara.

Rommel ya zagayo ta kudu a daren 26 ga Mayu. Da farko shi ma ya shiga tsaka mai wuya, nakiyoyi a bayansa, ruwa da mai suna ƙarewa. Sai ya jingina da filin nakiyoyin, ya jera igwoyinsa suna fuskantar gabas, ya tattara duk manyan bindigoginsa da jiragensa a kan Birged ta 150 ita kaɗai. Ranar 1 ga Yuni ta faɗi. Ranar 5 ga wata 'yan Birtaniya suka kawo farmakin ramuwa, suka yi luguden wuta kafin asuba, amma ba a tantance inda abokan gaba suke ba, harsasan suka zuba a kan rairayi. Washegari tankokin Jamus suka zagaye Birged ta 10 ta Indiya tare da rejimenti huɗu na atilare da aka tura gaba ba tare da kariya ba. Mutanen sun yi ta harbi har tankoki suka hau kansu. Wannan asara tana da ciwo, domin ba ƙarancin jarumta ba ne ya kashe su, tsari ne ya kai su inda ba mai ceto. Janar Marie-Pierre Koenig da mutanensa kimanin 3,700 sun riƙe Bir Hakeim har daren 10 ga Yuni, sannan suka fasa suka fita. Ranar 21 ga wata Tubruk ta sallama.

Yuli: an fara ɗaure abin da aka kwance

Janar Claude Auchinleck, babban kwamandan Birtaniya a Gabas ta Tsakiya, ya sauke Ritchie ranar 25 ga Yuni ya karɓi rundunar da kansa. Wurin da ya tsaya, Alamein, yana da abin da babu a ko'ina cikin hamadar: teku a arewa, kwarin Ƙattara mai gishiri da taɓo a kudu, tsakaninsu kilomita 60 kacal. Ba a zagaye shi.

Ranar 1 ga Yuli, Dibishan ta 90 ta Jamus ta yi ƙoƙarin ratsawa ta kudancin tashar jirgin ƙasa ta Alamein. Sai ta faɗa tsakiyar wutar igwoyin birged uku na Afirka ta Kudu, waɗanda aka girke yadda harsasansu za su haɗu wuri guda. Sojojin da suka saba kora suka ruɗe, wasu suka juya da gudu, Rommel da kansa ya kwanta a ƙasa yana jiran wutar ta lafa. Ranar 10 ga wata kuma 'yan Ostareliya suka hau Tel el Eisa bayan ɓarin wutar da ba a taɓa jin irinsa a hamadar ba, har suka kama rukunin Jamusawa masu satar sauraron rediyon Birtaniya, wanda shi ne kunnen Rommel. A ganina, adalci ne a ce gyaran atilare da Auchinleck ya fara, ko da yake Firayim Ministan Birtaniya Winston Churchill ya sauke shi a watan Agusta kuma wani ne ya girbi amfanin.

Montgomery ya karɓi ragama ranar 13 ga Agusta, ya hana rarraba dibishan gunduwa-gunduwa, ya kirawo Birgediya Sidney Kirkman daga Ingila ya ɗora shi kan atilaren rundunar baki ɗaya. Abu uku suka taimaka musu. Sabuwar bindigar kakkaɓe tanka mai laba 6 ta iso da yawa, sama da 800 kafin Oktoba, ta 'yantar da mai laba 25 ta koma aikinta. An shimfiɗa wayar tarho an binne ta tsakanin masu hange da igwoyi, aka ƙara na'urorin rediyo. Sannan 'yan safiyo suka auna filin, suka ɗora kowace igwa a kan taswira guda, ta yadda hafsa ɗaya da ke kwance a rami da madubin hange zai faɗi lambobi shida da ke nuna wuri a taswirar, igwa 24 ko 72 su amsa masa cikin 'yan mintuna daga wurare dabam-dabam. A nan ne ma'anar motsi ta koma wani abu dabam. Igwar tana nan inda take, wutar ce ke tafiya, kuma wuta ta fi kowace mota sauri.

Wannan duka ba zai yiwu ba in da jiragen Jamus ne ke mulkin sama. Da yawa daga cikin jiragen da suka tsare sararin Masar a Takoradi da ke Ghana ta yau aka harhaɗa su, suka biyo ta Legas, Kano da Maiduguri, suka ratsa Chadi da Sudan zuwa Alƙahira.

Ko kai igwoyin wurin da za su yi harbi sai da aka yi dabara, tunda a hamada babu abin da ke ɓuya. Da dare ake jawo igwa, a haɗa ta gindi da gindi da tirelarta, a kifa musu rumfar katako da tamfol mai siffar babbar motar kaya, tayoyin igwar da na tirelar su leƙo kamar na motar. Jirgin leƙen asiri da ya wuce da safe motocin kaya yake gani, irin waɗanda ya saba gani a wurin makonni da suka wuce. A kudu kuma aka shimfiɗa bututun ruwa na bogi, ana jan aikinsa a hankali, don Jamusawa su ɗauka can za a kawo hari, kuma ba yanzu ba.

Daren 23 ga Oktoba

Runduna ta Takwas tana da mutum kimanin 195,000 da tankoki sama da 1,000. Jamus da Italiya suna da ɗan abin da ya haura 100,000 da tankoki kusan 500, a bayan nakiyoyi wajen rabin miliyan. Da ƙarfe 9:40 na dare, ga farin wata, igwa kusan 900 suka buɗe wuta. Minti 15 na farko ba a kan ramukan soja aka yi su ba, a kan igwoyin abokan gaba ne, waɗanda aka daɗe ana gano mazauninsu ta hoton sama, ta hasken bakinsu idan sun yi harbi, da na'urar auna ƙara. An lissafa lokacin tashin kowane harsashi yadda na nesa da na kusa za su sauka tare, kada wanda ake nufi ya sami damar faɗawa rami. Da ƙarfe 10 wutar ta dawo kan sahun gaba, tana matsawa kaɗan-kaɗan, sojojin Ostareliya, Sukotilan, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu suna biye da ita a ƙafa, masu cire nakiya suna shimfiɗa farin ƙyalle a bayansu.

Rommel yana jinya a Turai. Janar Georg Stumme da ke riƙe masa ya hana igwoyinsa mayar da martani a kan inda 'yan Birtaniya suka taru, don harsashi ya yi ƙaranci. Kashegari da safe ya fita duba fagen daga, aka buɗe wa motarsa wuta, bugun zuciya ya kashe shi. Rommel ya dawo da yammacin 25 ga wata, ranar 26 kuma jiragen Birtaniya suka ƙone jirgin dakon mai Proserpina a bakin Tubruk. Ƙarfin Jamusawa kullum a tattara tanka da igwa wuri guda cikin gaggawa yake. Ba mai, wannan ƙarfi ya tsaya cik.

Inda ruwan wutar bai kai ba

Kada a ɗauka igwa ta gama komai a dare ɗaya. Kwana 12 aka yi ana gwabzawa. Tankoki sun cunkushe a ƙananan hanyoyin da aka share cikin nakiyoyi, kuma duk lokacin da suka leƙa bayan tudu, igwar 88 na jiransu daga nesa, a inda masu hange ba su gano ba.

Abin da ya faru a wani ɗan kwari da aka laƙaba wa suna Snipe ya nuna tsarin ta fuska biyu. A daren 26 ga Oktoba aka tura bataliya guda ƙarƙashin Laftanar Kanar Victor Turner, da bindigogi 19 masu laba 6, suka kutsa cikin layin abokan gaba suka haƙa ramuka a rairayi mai laushi. Hafsan da zai riƙa kiran manyan igwoyi ya ɓace musu cikin duhu, don haka duk igwoyin da ke bayansu ba su amfane su ba, har ma wutar 'yan uwansu ta faɗa musu bisa kuskure. Yini guda tankokin Jamus da na Italiya suna zuwa musu. Da tsakar rana tankokin Italiya suka tunkaro ta gefen da bindiga ɗaya ce kawai ke iya kaiwa, ta Saje Charles Calistan, shi kaɗai ya rage a kanta. Turner ya zama mai ɗura harsashi, Laftanar Jack Toms ya tsaya tare da su. Suka bari tankokin suka matso, suka ƙone mafi yawansu, harsashi ya kusa ƙarewa. Toms ya ruga da jif cikin ruwan harsasai ya kwaso akwatuna daga wata bindiga da ta lalace, jif ɗin ta kama wuta suna sauke kayan, wani ɓaraguzai ya fasa kan Turner. Calistan ya harbi sauran tankoki ukun da harbi uku. Binciken da aka yi bayan yaƙin ya ƙirga ababen hawa masu sulke sama da 50 da aka lalata kewaye da wurin. Turner ya sami Victoria Cross. Ƙananan bindigogi da aka kai wurin da ya dace cikin dare sun yi wa Rommel irin abin da ya saba yi wa wasu. Amma da hafsan nan ɗaya bai ɓace ba, da ba a biya da jini haka ba.

Farmakin ƙarshe ya fara da ƙarfe 1 na daren 2 ga Nuwamba, igwa sama da 300 a kan fili mai faɗin kilomita huɗu kawai. Sojan ƙafa sun isa inda aka ce su isa. Birged ta 9 ta tankoki kuwa, ƙarƙashin Birgediya John Currie, ta makara da rabin awa, alfijir ya keto a bayanta, igwoyin Jamus da ke jere a hanyar Rahman suna ganin kowace tanka baƙi ƙirin a jikin sama. Cikin 94 da suka shiga, sama da 70 aka rasa. Duk da haka sun raunana layin, kuma ramuwar da Rommel ya kawo da rana ta narke a gaban igwoyi da jirage. Da yamma tankokin Jamus da ke iya motsi ba su wuce 35 ba. Hitler ya aiko umarni ranar 3 ga wata cewa kada a ja da baya, ranar 4 Rommel ya janye duk da haka. Dubban sojojin Italiya da ba su da mota aka bari a hamada. Runduna ta Takwas ta yi asarar mutum kimanin 13,500 tsakanin matattu, masu rauni da waɗanda suka ɓace, igwoyinta masu laba 25 kuma sun harba harsashi sama da miliyan ɗaya.

Igwa mai tuƙa kanta

Mai karatu zai iya tambaya ina igwoyin da aka ɗora bisa gangar jikin tanka, waɗanda su ne aka fi kira masu motsi. Suna nan, amma rawar da suka taka a Alamein ƙarama ce. Ranar da Tubruk ta faɗi Churchill yana White House, fadar shugaban Amurka, Amurka ta yi masa alkawarin tankokin Sherman 300 da igwoyi masu tuƙa kansu na milimita 105, waɗanda sojojin Birtaniya suka raɗa wa Priest. Kaɗan daga ciki ne suka shiga wannan yaƙi. Tasu ta gida, Bishop, mai laba 25 ce aka cusa cikin dogon akwatin ƙarfe bisa tankar Valentine. Akwatin ya hana bakin ɗagawa, nisan jifarta ya ragu da rabi, har sai da mutanenta suka riƙa tara ƙasa su hau da ita tudu don hancin ya kalli sama. Ba a daɗe ba aka maye gurbinta da Sexton, ƙirar Kanada. Jamusawa sun ɗora igwoyin Rasha da suka kama bisa tankokin Cek, Italiyawa suna da irin tasu mai suna Semovente. Amfaninsu na gaske, wato bin tankoki kafaɗa da kafaɗa bayan an fasa layi, sai a Italiya da Faransa ya bayyana.

Rashin irinsu da yawa ya nuna kansa a makon da ya biyo baya. Ranar 6 da 7 ga Nuwamba aka tafka ruwan sama a gaɓar teku, motoci masu taya da igwoyin da suke ja suka kafe a taɓo, mai bai iso ba, Rommel ya sulale da ragowar mutanensa ta titin kwalta. An shiga Tubruk ranar 13 ga Nuwamba, Bingazi ranar 20, Tarabulus ranar 23 ga Janairu 1943.

Ranar 6 ga Maris 1943, a Medenine da ke kudancin Tunisiya, Rommel ya juyo da dibishan uku na tankoki. Masu fasa saƙonnin sirri sun riga sun sanar da Montgomery, shi kuma cikin 'yan kwanaki ya jawo ɗaruruwan igwoyi daga baya, aka girke su a ɓoye, aka ɗaura su kan waya da taswira guda. Kafin faɗuwar rana Jamusawa sun bar tankoki kimanin 50 a fili, alhali tankokin Birtaniya kusan ba su shiga faɗan ba. Ranar 9 ga Maris Rommel ya hau jirgi ya bar Afirka, Janar Hans-Jürgen von Arnim ya gaje shi, ya riƙe rundunar har ta miƙa wuya a watan Mayu.